Yadda Ake Zaɓar Giya Otomatik Mai Ƙarfi Ga Tsohuwar Motar Amurka Mai Ƙwanji

Duk wanda ya taɓa shinshina man giyar da ya ƙone, ba ya manta warin. Man da ka zuba jajawur kamar zoɓo, ka zaro sandar gwaji ka tarar ya yi duhu, yana ƙauri irin na tuwon da ya kama a gindin tukunya. Na fara jin wannan ƙaurin ne a jikin wata Camaro ƙirar 1969 ta wani abokina, 'yan kwanaki kaɗan bayan mun ɗaura mata giyabos da ya zuba kuɗi masu yawa a kansa. Giyabos ɗin ba shi da laifi, injin ma lafiyarsa ƙalau. Wani siririn kebul ne muka bari ba mu saita shi yadda ya kamata ba. Zan dawo kan labarin a gaba, domin shi ya sa na zauna rubuta wannan bayani.

Motocin da nake nufi su ne waɗanda Amurkawa suka ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970: Pontiac GTO, Chevrolet Chevelle SS, Dodge Charger, Plymouth Road Runner, da 'yan uwansu irin su Camaro da Mustang. Jiki matsakaici, inji V8 ƙato, shi ya sa suke ce musu masu ƙwanji. Yawancin misalaina daga Chevrolet za su fito, saboda a nan hannuna ya fi zama.

Da farko, ɗauki biro da takarda

Kada ka fara da tambayar "wane giyabos ya fi ƙarfi?" Fara da sanin motarka. Lambobi uku kake buƙata, da amsar tambaya ɗaya.

Lamba ta farko ita ce ƙarfin murɗa na injin. Mutane sun fi son faɗin ƙarfin doki, amma abin da ke karya shaf ya ƙona kuloci a cikin giya, murɗa ce. Chevelle SS 454 ta 1970 (454 girman injin ne, haka 350 da 383 da 400 da za ka gani a gaba) mai injin LS6 ta fito da doki 450 da murɗa fam-ƙafa 500, kusan Nm 680. Kamfanin bai yi wasa da ita ba, giyabos mai ƙarfi da ake kira TH400 ya ɗaura wa duk wadda aka saya otomatik. Idan an taɓa injinka, an sauya kamshaf ko kawunan silinda, lambar da ke littafi ta daina aiki. A kai motar na'urar gwajin ƙarfi, ko ka tambayi wanda ya haɗa injin, sannan ka ƙara wa kanka rata idan kana da niyyar ƙara masa ƙarfi nan gaba.

Ta biyu ita ce rashiyon aksul na baya, wato yawan zagayen da farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, take yi kafin taya ta yi zagaye ɗaya. Kada ka yarda da abin da mai sayarwa ya gaya maka, mota mai shekara hamsin ta bi ta hannaye da yawa. Ɗaga bayan motar, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba. Sa alli a jikin taya, sa a jikin farfela. Juya taya ɗaya: idan ɗayar ta bi ta suka juya ɓangare guda, aksul ɗin mai riƙe tayoyi biyu ne, sai ka juya tayar zagaye ɗaya cif ka ƙirga zagayen farfela. Idan kuwa ɗayar ta juya baya, sa wani ya riƙe ta gam, kai kuma ka yi zagaye biyu kana ƙirgawa. Zagaye uku da sulusi, 3.31 ke nan. Uku da kusan kashi uku cikin huɗu, 3.73. Huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10.

Ta uku, tsayin tayar baya daga ƙasa zuwa samanta, a inci. Sa tef ka auna.

Tambayar kuwa ita ce: me za ka riƙa yi da motar? A nan mutane suke yaudarar kansu. Kowa zai ce maka tsere, alhali a shekara sau biyu zai je filin tsere, sauran kwanakin kuwa yawon yamma ne da doguwar tafiya a babban titi. Faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu.

Lissafin da zai raba maka gardama

Ɗauki gudun da kake yi a mil, ka ninka da rashiyon aksul, ka ninka da rashiyon giyar ƙarshe, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya. Abin da ya fito shi ne zagayen inji a minti.

A ce mil 70 a awa, kusan kilomita 113, taya inci 26, aksul 3.73. Giyabos mai giya uku, wanda giyarsa ta ƙarshe 1.00 ce, zai sa injin ya riƙa zagaye kusan 3,370. Ka yi awa uku a haka, kunnenka zai gaya maka, tankin mai ma zai gaya maka. Sa giya ta huɗu mai 0.70, zagayen ya sauka zuwa 2,360. Wannan ita ce obadaraib, ni giyar hutu nake ce mata, domin injin ne yake samun numfashi.

To amma juya lissafin. Idan aksul ɗinka 3.07 ne, giya uku za ta ba ka kusan 2,780, abin da mutum zai iya zama da shi. Ƙara masa giyar hutu ya faɗo 1,940. Injin da yake yadda ya fito daga kamfani zai ɗauka, amma mai babban kamshaf zai riƙa fizga yana tari a wannan zagayen, ka yi ta fita daga giyar kana komawa. Shawarata: daga 3.55 zuwa sama, giyar hutu ta cancanci kuɗinta. Daga 3.07 zuwa ƙasa, riƙe giya ukunka, ko ka shirya sauya aksul ɗin tare.

Kowane inji da danginsa

Kafin ka ƙyalla ido a kan wani giyabos, tabbatar bakinsa zai haɗu da bayan injinka. Ko a gidan General Motors, ramukan noti iri biyu ne: na Chevrolet daban, na Buick da Oldsmobile da Pontiac daban. TH400 da aka ciro daga Pontiac ba zai zauna a bayan 454 na Chevrolet ba sai da farantin haɗi. A gidan Chrysler, TorqueFlite 727 na ƙaramin bulok, wato inji mai ƙaramar ganga, daban yake da na babban bulok, domin ƙoƙon gaban a haɗe yake da gangar jikin. C6 na Ford ma haka. Mutane da yawa sun sayi abu mai kyau sun kawo gareji, sai a wajen ɗaurawa aka ga ramuka ba su yi daidai ba.

Idan za ka sayi na hannu, koyi gane shi ta kaskon man da ke ƙasa. TH350 noti 13, kaskon kusan murabba'i da kusurwa ɗaya a yanke. TH400 shi ma 13, amma kaskonsa dogo ne mai lanƙwashe-lanƙwashe. Powerglide 14, 700R4 da 200-4R 16, 4L80E 17.

Masu giya uku

TH350 ya fito a 1969, rashiyonsa 2.52, 1.52, 1.00. Ba shi da nauyi, kayansa a ko'ina, kuma idan aka sake haɗa shi da kuloci masu kyau, ya ishi ƙaramin bulok mai zafi. Ga mai 350 ko 383 da aksul 3.07 ko 3.31, ba na ganin dalilin wuce shi.

TH400 ya girme shi, tun 1964 yake, 2.48, 1.48, 1.00. Shi ne jakin gidan, ana lafta masa kaya yana tafiya. Har Rolls-Royce da Jaguar da Ferrari sun saye shi sun sa a motocinsu. Ya fi TH350 nauyi, yana kuma cin ɗan ƙarfin inji fiye da shi, amma babban bulok ba ya jin wannan. Idan murɗarka ta kai 500 kuma kana son kwanciyar rai da kuɗi kaɗan, nan za ka tsaya.

Powerglide giya biyu gare shi, 1.76 ko 1.82 sai 1.00. 'Yan tseren kwata mil suna ƙaunarsa a mota mara nauyi mai ƙarfi sosai. A titi, cikin mota mai nauyi kamar Chevelle, zai kashe mata tashi. Bar musu abinsu.

Masu Dodge da Plymouth, 727 ɗinku mai 2.45, 1.45, 1.00 sa'an TH400 ne. Masu Ford, C4 ga ƙaramin bulok, C6 ga babba, dukansu 2.46, 1.46, 1.00.

Masu giyar hutu, inda zaɓin yake da wuya

700R4 ya zo a 1982, da 3.06, 1.63, 1.00, 0.70. Giyarsa ta ɗaya ita ce abin so, ita ce kuma abin tsoro. Ninka ta da aksul 3.31 ka samu 10.1, mota ta tashi da zafi ko da injin ba wani babba ba ne. Ninka ta da 4.10 ka samu 12.5, giya ɗaya ta ƙare kafin ka ƙetare mararraba, taya tana ta hayaƙi a banza. Sannan akwai rami tsakanin ɗaya da biyu: idan ya canja a zagaye 6,000, injin zai faɗo kusan 3,200, alhali a TH400 kusan 3,580 zai tsaya. Injin da ƙarfinsa yake sama yana jin wannan faɗuwar. Guji na shekarun farko, nemi na 1987 zuwa sama, an gyara masa raunuka da dama. Inda ya fi saurin mutuwa shi ne kulocin giya ta uku da ta huɗu, don haka ka tambayi mai haɗawa me ya sa a wurin.

200-4R, na 1981, shi na fi so ga motar titi: 2.74, 1.57, 1.00, 0.67. Giyoyin sun fi kusa da juna. Tsawonsa kusan ɗaya da TH350 mai gajeren wutsiya, don haka sau da yawa farfelarka za ta koma ba tare da an yanke ta ba, sai dai a ja ƙarfen da yake ɗauke da shi baya. Yawancinsu suna da ramukan noti na Chevrolet da na Buick, Oldsmobile da Pontiac a jiki ɗaya, abin da ya sa masu GTO suke nemansa. Shi Buick Grand National ta yi amfani da shi. Amma wanda ka ciro daga tsohuwar motar gida ba zai ɗauki babban bulok haka nan ba, sai an sauya masa shaf da gangar kulocin gaba da masu tauri, kuma a nan kuɗin yake.

4L60E, daga 1993, 700R4 ne da aka sa wa ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta mai sarrafa canjin giya. 4L80E, daga 1991, kusan TH400 ne da aka ƙara wa giya ta huɗu: 2.48, 1.48, 1.00, 0.75. Ga mai 454 da yake son doguwar tafiya, wannan ne amsa. Sai dai ƙato ne, yana da nauyi, a wasu motocin sai an buɗa ramin da ke ƙasan mota kafin ya shiga. Dukansu biyu suna buƙatar ƙwaƙwalwa ta daban, da sensa a jikin kafireta mai gaya mata yawan totur da ka taka. Kada wannan ya tsorata ka. Ƙwaƙwalwar ita za ta ba ka damar saita lokacin canjin giya da ƙarfinsa kana zaune a kujera, ta kuma raba ka da kebul ɗin da ya ƙona mana giya.

A ɓangaren Ford akwai AOD mai 0.67 da ƙanensa 4R70W mai ƙwaƙwalwa, 2.84, 1.55, 1.00, 0.70, dukansu sun fi dacewa da ƙaramin bulok. A Chrysler akwai A518 mai 0.69, amma sa shi a tsohuwar Charger yana buƙatar yanka da walda a ƙasan mota. Wanda ba ya son a taɓa masa jikin mota, kamfanin Gear Vendors yana yin ƙaramin akwati mai 0.78 da ake ɗaurawa a wutsiyar TH400 ko 727 ko C6.

Kuma don Allah, idan giyabos ɗin da ka sauke shi ne na asali, mai lambar motar a buge a jikinsa, kada ka sayar. Tsiyaye man, ka nannaɗe shi ka ajiye. Darajar motar tana tare da shi.

Konbata

Tok-konbata ita ce ƙwaryar ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, tana aikin da kuloci yake yi a motar hannu, amma da mai. Mutum zai zuba dukiya a giyabos ya sayi konbata mafi araha, daga baya ya ce motar ba ta da rai.

Abin da ake dubawa shi ne sitol, wato zagayen da konbata take barin inji ya kai kafin ta kama da gaske. Ta kamfani tana kamawa ƙasa da 2,000. Idan kamshaf ɗinka babba ne, injin ba ya da ƙarfi a ƙasa, sai ka ga a danja motar tana fizgar birki, ko ta mutu da ka sa giya, in ka taka kuma ta yi nauyi kafin ta farka. Irin wannan tana son sitol wajen 2,400 zuwa 2,800. Sama da 3,000 a titi, ka fara shiga harkar tsere, da zafin da ke biye da ita.

Abu biyu nake so ka riƙe. Lambar da ke jikin kwali ba tabbas ba ce: konbata ɗaya za ta yi sitol mafi tsawo a bayan 454 fiye da bayan 350, haka a mota mai nauyi fiye da mara nauyi. Saboda haka kira masu yin ta, irin su TCI ko B&M ko Hughes, ka karanta musu takardarka, har da bayanin kamshaf da nauyin mota. Na biyu, idan ka zaɓi giyar hutu, sayi konbata mai kulle. Ka tuna 2,360 ɗin da muka lissafa? Idan sitol ɗinka 2,800 ne kuma ba ta kullewa, duk tsawon tafiyar tana zamewa tana dafa mai.

Ƙananan abubuwan da ke cinye kasafi

Farfela za a iya yanke ta ko a yi sabuwa, kuma sai an gama ɗaura giya, mota na tsaye a kan tayoyinta, ake aunawa. Bakin farfelar ma yana sauyawa: wutsiyar TH350 da 700R4 da 200-4R haƙora 27 ce, ta TH400 da 4L80E 32. Sandar canja giya ta motar, giya uku kawai ta sani, sai an sauya mata faranti. Makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya dole ya yi aiki, wannan maganar rai ce. Tsohon sipidomita kebul yake so, 4L80E kuwa siginar lantarki yake bayarwa. Farantin da ke bayan inji shi ma a kula: 454 da ƙaramin bulok 400 suna buƙatar mai ɗauke da nauyin daidaito, in ka sa na 350 injin zai yi ta karkarwa.

Sai kula, wato na'urar sanyaya man giya. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Ɗan bututun da ke cikin lagireto bai isa konbata mai sitol ba, ƙara kula ta daban a gaban lagireto, ka sa mitar zafi inda idonka zai riƙa gani. Wanda ya yi niyyar sauko da irin wannan mota Kano ko Yamai, inda zafin Afrilu yake haura 40, ya sayi kula mafi girma da za ta shiga wurin.

Ranar ɗaurawa

Zuba kamar lita ɗaya ta mai a cikin konbata. Zura ta a bakin giya kana juyawa kana turawa, za ka ji ta faɗa ciki hawa-hawa, yawanci sau uku, na ƙarshen shi ne ta kama famfon mai. Ɗaga giyabos ya haɗu da inji da hannu, fuska da fuska. Idan ya ƙi, sauke ka duba. Kada ka taɓa jawo shi da noti, famfo za ka fasa tun ba a tayar da mota ba. Bayan an ɗaure, konbata ta riƙa juyawa da yatsa, kuma ratar da ke tsakaninta da farantin inji ta kasance milimita 3 zuwa 5.

Yanzu kebul. 700R4 da 200-4R da AOD suna da kebul da ake kira TV, daga kafireta zuwa giya. Da yawa suna ɗaukarsa kamar na kikdawun ɗin TH350, mai sauko da giya idan ka danne totur, wanda ko ka cire shi giya ba za ta mutu ba. Ba haka ba ne. Wannan kebul shi yake gaya wa giya ta ƙara matsin mai idan ka taka totur. In ya yi sako-sako, inji yana turo ƙarfi, kuloci ba su matse ba, sai su yi ta gogar juna har su ƙone.

Abin da ya same mu ke nan. Kafiretar abokina ba ta asali ba ce, hannun toturinta ba shi da mazaunin da zai ja kebul ɗin daidai, muka maƙala shi a ramin da muka samu. Motar tana canja giya da wuri, a hankali, babu ko girgiza, muka ɗauka alheri ne. Ashe alamar ciwon ke nan. Ran nan da magariba ya kira ni, ya ce, "Malam, motar nan fa ta ƙi shiga uku, inji kawai ke ihu." Da na isa na zaro sanda, ƙaurin ya riga ya ba ni amsa. Da muka sauke kasko, baƙin gari ne kwance a ciki kamar toka. Har yau abin yana damuna, domin ƙarfen da zai gyara mazaunin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ga yadda ake yi a 700R4 da 200-4R. Sayi mazaunin kebul da ɗan ƙarfen gyaran hannun totur da aka yi musamman domin irin kafiretarka. Inji a kashe, kasko a sauke, sa wani ya taka totur har ƙasa daga cikin mota, kai kana kallo: sandar da kebul yake turawa a cikin giya ta shige har ƙarshe daidai lokacin da totur ya gama buɗewa. Mayar da kasko, zuba mai, ɗaura mitar matsi mai kai psi 300 a ramin gwaji da ke gefen direba. Tayar da inji. Da ka ɗan taɓa totur, allurar ta motsa sama nan take. Idan totur ya yi tafiya allura ba ta motsa ba, kada motar ta bar gareji.

TH350 da TH400 ba su da wannan matsala, su da zuƙar iskar inji suke aiki, ta wani ɗan gwangwani a gefensu. Babban kamshaf yana rage zuƙar, giya ta riƙa jinkirin canjawa da duka, sai a sa gwangwani mai saiti.

Mai kuwa, Dexron ga na General Motors, Type F ga tsofaffin C4 da C6, sai in wanda ya haɗa maka giyar ya ce ga wanda yake so. Ana gwada shi inji na silo, ya yi zafi, mota a wuri mai daidai, giya a P, ban da 727 da ake gwadawa a N.

Fitar farko ta zama gajeriya, totur kaɗan, ka ji giyoyin sun shiga ɗaya bayan ɗaya. A 700R4, da taki mai sauƙi, canjin ɗaya zuwa biyu ya zo wajen kilomita 25 zuwa 30 a awa, kuma ka ji shi a bayanka. In ka ji zagayen inji ya yi sama tsakanin giya biyu kafin ta kama, ɗaga ƙafarka, juya gida a hankali. In komai ya tafi daidai, dawo ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga a bakin bututun kula, ka sake gwada mai domin kula da konbata sun sha nasu, sannan ka goga sandar a farin ƙyalle ka duba launin, ka kai hanci.